Shayi Mai Ƙamshin Hayaƙi: Amsoshin Tambayoyinku kan Lapsang Souchong

A wannan fitowar mun ware filin gaba ɗaya ga baƙin shayin nan na ƙasar Sin da ake busarwa a kan hayaƙin itace. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya dawo daga tafiya ya kawo mini tsarabar gwangwanin ganyen shayi, an rubuta Lapsang Souchong a jiki. Ina buɗewa sai ƙamshin banda ya buge ni, sai ka ce na shiga layin masu kifi a kasuwa. Maiɗakina ta ce ƙonewa ya yi tun daga kamfani, a zubar. Lalacewa ya yi? (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a ba uwargida haƙuri, kada a zubar. Da gangan aka yi shi haka, kuma hancinka bai yi ƙarya ba, domin banda ɗin aka yi masa.

Asalin wannan shayi ƙauyen Tongmu ne da ke cikin duwatsun Wuyi, a lardin Fujiyan na kudu maso gabashin ƙasar Sin. Can gida Zhengshan Xiaozhong suke kiransa, Lapsang Souchong kuwa sunan da ya shiga kasuwannin Turai da shi ne. Ana lissafa shi cikin baƙin shayi mafi daɗewa a duniya, kuma shayin Wuyi yana cikin wanda Turawa suka riƙa lodawa a jiragen ruwa tun ƙarni na 17, suna kiransa Bohea. Labarin da mutanen yankin ke bayarwa shi ne, wata shekara sojoji suka yada zango a inda ake sarrafa ganyen, aiki ya tsaya, ganye ya fara yin duhu. Da sojojin suka wuce, sai manoma suka hura wutar itacen fain (wanda Turawa ke ce wa pine) don su busar da shi da gaggawa kada su tafka asara, abin kuma ya samu karɓuwa a kasuwa.

Ga yadda ake yin na gargajiya. Ba a tsinkar toho zalla, ana ɗibar ganyen da ya ɗan girma ya yi kauri, shi ya sa yake jure hayaƙi. Ana shimfiɗa shi a wani gini na katako mai hawa uku ko huɗu da suke kira qinglou, wanda daɓensa na gora ne mai ƙofofin iska. Wutar tana can ƙasa, hayaƙi da ɗumi ne kaɗai ke bi ta hanyoyin da aka gina musu su hau sama. A benen sama ganyen yake yin yaushi. Daga nan a murza shi har ruwansa ya fito, a zuba a kwanduna a rufe da ƙyalle, ya juye daga kore zuwa ja mai duhu. Sai a watsa shi a kasko mai zafi na ɗan lokaci don a tsayar da juyewar, a sake murzawa, sannan a baza shi a faifan gora a benen ƙasa, inda hayaƙi ya fi kauri, ya yi sa'o'i masu yawa har ya bushe ƙayau.

Itacen fain yana da ƙaro mai ƙamshi, kuma shi ne sirrin. Wanda ya taɓa ratsa gandun fain da aka shuka a kewayen Jos ya san ƙamshin. Don haka ka sake shinshinawa a tsanake. Ƙamshin hayaƙin itace daban, ƙaurin abin da ya kama a gindin tukunya daban. Idan na biyun ka ji, ko warin fumfuna, to maganar uwargida ta tabbata.

Tambaya: Mu a nan shayinmu a kan gawayi muke dafa shi, a ƙaramar buta, ya yi ta tafasa, mu sha na ɗaya da na biyu da na uku. Na yi wa wannan baƙin mai hayaƙi haka, ya fito baƙi wuluk, ɗaci kamar maɗaci, har abokan hira suka ce kwalta na dafa musu. Ina kuskuren yake? (Wani matashi daga Damagaram)

Amsa: Ɗan'uwa, kuskuren shi ne dafawar kanta. Koren shayin da kuka saba da shi ana tafasa shi ne a kashe ɗacinsa da sukari mai yawa da na'ana'a. Wannan kuwa jiƙa shi ake yi a ruwan zafi, ba ya hawa wuta ko kaɗan. In ya tafasa, abu biyu ne ke faruwa. Ƙamshin ƙaron nan mai daɗi yana da saurin tashi, sai ya bi tururi ya gudu. Sinadaran da ke kawo bauri da ɗaci kuma sai su fito gaba ɗaya, su haɗu da ragowar hayaƙi mai nauyi. Abin da ya rage a butar shi ne kwaltar da abokanka suka faɗa.

Ga awon da za ka fara da shi. Ganye giram 2 da rabi zuwa 3 ga ruwa mililita 250, wato rabin ledar fiya wata. In babu sikeli, cokalin cin abinci ɗaya a shafe. Kada ka auna da cokalin shayi kamar yadda ake yi wa garin shayi, domin wannan ganyen dogaye ne a murɗe, suna cika cokali alhali ba su da nauyi.

Ka tafasa ruwan shi kaɗai, ka sauke, ka ba shi kamar minti ɗaya ya sauko wajen digiri 95. Kafin nan ka ɗauraye butar da za ka jiƙa shayin da ruwan zafi ka zubar, saboda buta mai sanyi tana shanye zafin ruwa, shayin ya fito lami. Zuba ganye, zuba ruwa, rufe. Minti 3 a agogo, ba da ka ba. Sannan ka tace shi duka, kada ka bar ko kurɓi ɗaya a kan ganyen, domin wanda ya rage zai ci gaba da jiƙa ya ɓata maka zagaye na gaba.

Al'adarku ta na ɗaya da na biyu da na uku tana nan daram. Ganyen kirki yana ba da zagaye uku: na biyu minti 4, na uku minti 5. Mu a ganinmu na biyun ya fi daɗi, lokacin hayaƙin ya lafa.

Sai maganar ruwa. Ruwan burtsatse mai zartsi yana dusashe launin shayi, ya sa wani yanayi kamar mai ya taso a samansa. Na famfo mai warin kulorin kuma yana faɗa da hayaƙin, ya fito kamar magani. In ruwanku haka yake, yi amfani da wanda aka tace. Kuma a ware masa butarsa: wadda ta sha citta da kanumfari shekara da shekaru ba za ta bar ka ka ji komai ba.

Tambaya: Na bi awo yadda aka rubuta a jikin kwalin, amma ni dai hayaƙi kawai nake ji. Mutane suna cewa yana da zaƙi-zaƙi. Harshena ne bai iya ba ko yaya? (Wata malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: Malama, harshenki lafiya lau. Hayaƙi ne yake riga kowa isowa hanci, shi ya sa a kurɓin farko ba a jin wani abu sai shi. Akwai dabarun da ke buɗe sauran.

Fara da ganyen tun yana bushe. Ɗumama kofi ko ƙaramar buta da ruwan zafi, zubar, sa ganyen a ciki, rufe, ki ɗan girgiza, sannan ki buɗe ki shinshina. Ɗumin yana tayar da ƙamshin da ba ya fita a ganye mai sanyi. A ƙarƙashin hayaƙin ki nemi wani abu kamar busasshen dabino ko mazarƙwaila. Sinawa suna kwatanta shi da busasshen longan, wani ɗan itace mai zaƙi na ƙasarsu, kuma a wurinsu wannan ce alamar na gaske.

Na biyu, yi masa wanka. Zuba ruwan zafi ya rufe ganyen, ki ƙirga biyar, ki zubar. Wannan yana ɗauke hayaƙin da ya kwanta a bayan ganye, ya bar wanda ya ratsa ciki.

Na uku, duba launi a farin kofi ko na gilashi. Ya kamata ya fito ja mai haske, garau, ana hango gindin kofin. Dalilin ke nan da Sinawa suke kiran duk abin da muke ce wa baƙin shayi da jan shayi: mu ganyen muke kallo, su kuma ruwan.

Na huɗu, kuma a nan aka fi yin kuskure, kada ki sha da zafinsa zau. Zafi mai yawa yana toshe ɗanɗano ya bar hayaƙi kaɗai. Bari ya huce na minti 4 ko 5, yadda za ki iya riƙe shi a baki ba tare da kin hanzarta haɗiyewa ba. Ki zuƙo kaɗan tare da iska, ko da zai yi ƙara (a gida kike, ba a gidan surukai ba), ki bar shi ya zagaya harshe, ki haɗiye, sannan ki rufe baki ki fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne zaƙin yake bayyana, can wajen maƙogwaro. Shayin kirki yana barin baki da santsi da ɗan sanyi-sanyi irin na ƙaro. Mara kyau yana barin harshe a bushe da ɗanɗanon toka.

In kina son ki ji yadda yake sauyawa mataki-mataki, gwada salon Sinawa: ganye giram 5 a ruwa mililita 100 kacal, a ƙaramar buta. Bayan wankan, jiƙon farko daƙiƙa 10 zuwa 15, ki juye duka a finjali. Kowane zagaye ki ƙara daƙiƙa 5 zuwa 10. Ganye mai kyau zai kai zagaye shida ko fiye. Na ɗaya da na biyu hayaƙi ne ke mulki, daga na uku zaƙin yake fitowa fili. In kin kai na uku kika ji ruwan zafi zalla, babu hayaƙi babu zaƙi, to laifin na ganyen ne.

Kuma kada a ɗanɗana shi bayan goro, ko yaji, ko man goge baki. A kurkure baki da ruwa, a ɗan jira.

Tambaya: Ana sa masa madara da sukari kamar na mai shayi? Da me ake cinsa? (Wata uwargida daga Kumasi)

Amsa: Hajiya, kofin farko dai a sha shi haka nan, don a san abin da aka saya. Bayan haka zaɓi naki ne. Mai hayaƙi mai ƙarfi yana karɓar madara sosai, maiƙonta yana tausasa shi, sai dai a ƙara jiƙon zuwa minti 4 kuma madarar kada ta wuce cokali biyu. Mai laushi irin na Tongmu kuwa madara binne shi take yi, asarar kuɗi ce. Wajen zaƙi, rabin cokalin zuma ko ɗan gutsuren mazarƙwaila sun fi farin sukari dacewa da shi. Citta da kanumfari da na'ana'a a ajiye su gefe.

Yana tafiya da abu mai maiƙo da gishiri: balangu, dambun nama, wainar ƙwai, soyayyar gyaɗa. Yana wanke maiƙon daga baki. Da dabino ko alkaki ma ba laifi. Abin da ba ma so shi ne haɗa shi da bandar kifi ko kilishi mai yaji sosai, hayaƙi kan hayaƙi, babu wanda za a ji a cikinsu.

Tambaya: Na ga wani mai araha a ƙunshin takarda irin na tsomawa, na ga wani kuma mai tsadar gaske, duk suna ɗaya. Ta yaya zan gane na kirki? (Wani ɗan kasuwa daga Abuja)

Amsa: Alhaji, sunan ya zama na kowa, amma kayan iri-iri ne. Duwatsun Wuyi suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya a 1999, kuma Tongmu tana cikin gandun da aka killace, ba a saran itace yadda aka ga dama. Wannan ya sa na ainihi mai hayaƙi kaɗan ne, kuma yana da tsada. Mafi yawan wanda ke yawo a kasuwa baƙin shayi ne na wasu wurare da aka gama sarrafawa sannan aka tura masa hayaƙi mai kauri daga baya. Wani ma ba ya ganin wuta, ruwan ƙamshin hayaƙi ake fesa masa. Akwai kuma na Taiwan, wanda aka san shi da hayaƙi mai nauyi. Wannan salo ne nasu, kuma yana da masoyansa.

Ka duba ganye: dogaye, a murɗe, baƙi mai ɗan sheƙi, ba gari ba. Ka karanta jerin abin da ke ciki a bayan kwali, in an ambaci ƙarin ƙamshi ka san fesawa aka yi. Ka shinshina: in ya hau maka ka kamar ƙonannen roba ko taya, bar shi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne jiƙo na biyu da na uku. Hayaƙin da aka liƙa daga waje yana fita gaba ɗaya a ruwan farko, ya bar ganye fanko. Wanda ya shiga tun ganyen yana ɗanye yana raguwa ne a hankali. Bayan ka gama, baza jiƙaƙƙen ganyen a faranti. Na kirki zai buɗe ya zama ganye sosai mai launin jan ƙarfe, ba baƙin dusa ba.

Wani abin lura: yanzu ana sayar da Zhengshan Xiaozhong wanda ba a yi wa hayaƙi ba sam, kuma a cikin ƙasar Sin yana da kasuwa sosai, tun ba ma bayan da aka ƙirƙiro wani baƙin shayi mara hayaƙi mai suna Jin Jun Mei a Tongmu a 2005, wanda da toho zalla ake yin sa. In hayaƙin kake nema, tambayi mai sayarwa kafin ka biya.

Tambaya: Na ajiye shi a kabad ɗaya da sauran kayan shayi, yanzu har garin madara hayaƙi yake yi. (Wata amarya daga Katsina)

Amsa: Amarya, halinsa ke nan, ba ya zama da maƙwabta lafiya. A sa shi a gwangwani mai murfi biyu ko kwalbar gilashi mai roba a bakin murfi, a ajiye a wuri mai duhu nesa da murhu. Leda da kwali ba sa riƙe shi. Shi ma yana ɗaukar na wasu, don haka a nisanta shi da daddawa da turaren wuta. Kada a sa a firiji: duk fitarwa sai raɓa ta kwanta masa. Da damina a raba shi gida biyu, kaɗan na amfanin yau da kullum, sauran a rufe ruf, kuma cokali mai laima kada ya shiga. In an kiyaye, yana kai shekara biyu. Sabon da hayaƙinsa ya yi kaifi ma gyaruwa yake yi in ya huta wata shida. Butar roba da filas kuwa, in ya shiga sau ɗaya sun zama nasa.

Tambaya: Hayaƙin nan ba ya cutarwa? Kuma mai juna biyu za ta iya sha? (Wani ma'aikacin jinya daga Maraɗi)

Amsa: Malam, tambayar tana kan hanya. Duk abin da aka yi wa banda, kifi ne ko nama ko shayi, yana ɗaukar wasu sinadaran hayaƙi da ake kira PAH a taƙaice, waɗanda yawansu ba shi da kyau ga jiki. Bambancin shi ne kifi cinye shi ake yi, shayi kuwa ruwansa ake sha a zubar da ganyen, kuma waɗannan sinadarai ba sa narkewa sosai a ruwa, mafi yawansu a ganyen suke zama. Shi ya sa muke cewa a tace da kyau, kada a tauna ganyen, kada a tafasa shi da madara a tukunya, tunda maiƙo yana janyo su. Kofi ɗaya ko biyu a rana shi ne daidai.

Yana da sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci kamar kowane baƙin shayi, wajen miligiram 40 zuwa 50 a kofi, kusan rabin na gahawa. Shawarar da aka saba bai wa mai juna biyu ita ce kada ta wuce miligiram 200 a rana, in an haɗa da na goro da gahawa da lemon kwalba mai kafin. Ga mai ƙarancin jini kuma, shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, sai a bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da cin abinci ko shan maganin ƙarin jini.

Tambaya: Ya yi mini ƙarfi, ga gwangwani guda cur. Akwai yadda zan rage shi? Ko in turara nawa ganyen da kaina yadda nake so? (Wani dattijo daga Garwa)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Turarawa a gida ba ma ba da shawara. Hayaƙin murhu yana da zafi da toka, ƙauri zai ba ka. Katakon kafinta mai fenti ko gam, da itacen da aka kunna da kananzir, waɗannan guba ne a kan abin sha.

Hanya mai sauƙi ita ce gauraya, kuma tsohuwar dabara ce. Akwai haɗin da ake sayarwa da sunan Russian Caravan, don tunawa da ayarin raƙuman da suka riƙa kai shayi daga ƙasar Sin zuwa Rasha ta garin Kyakhta bayan yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1727, tafiyar watanni. Yawanci Lapsang kaɗan ne a cikinsa, sauran shayi ne mara hayaƙi irin su Keemun. Kai ma ka yi naka: kashi ɗaya na mai hayaƙi, kashi huɗu na baƙin shayin da ka saba, ko na Kenya ne ko na tsaunin Mambila. A zuba a gwangwani, a girgiza, a rufe kwana 3 zuwa 5 ƙamshin ya ratsa. In ya yi maka sanyi ka koma ɗaya bisa uku. Sai dai in abokin haɗin gari ne mai laushi, yana saurin fita fiye da dogon ganye, don haka a tsaya a minti 3, in ba haka ba baurinsa zai rufe komai.

Sauran kuma a kai wa masu girki. Cokali ɗaya a jiƙa a kofin ruwan zafi minti 4, a tace, a zuba ruwan cikin dafa-duka ko wake lokacin da ake tsaida ruwa. Yana ba da ƙamshin girkin itace ko da a kan gas aka dafa. A fara da rabin kofi ga tukunyar mutum huɗu, a ɗanɗana kafin a ƙara.